Na canza kalmar sirrin rumbun bayanai, wanda ya koya mini aiki ya ce na maishe shi ɓarawo

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano, mu shida ne. Muna da manhajar da makarantu masu zaman kansu ke amfani da ita wajen karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarrabawa. Rumbun bayananmu nau'in PostgreSQL ne, yana kan Amazon RDS, wato hidimar da Amazon ke riƙe wa kamfanoni rumbun bayanai a kan kwamfutocinta. Tun da aka kafa shi, shekara huɗu ke nan, kalmar sirrinsa ɗaya ce, ba a taɓa canza ta ba. Tana cikin fayilolinmu na GitHub, dandalin da muke ajiye rubutun manhajarmu, tana cikin zaurenmu na WhatsApp, har ɗaliban da suka zo koyon aiki suka tafi sun san ta.

Wata biyu da suka wuce, wanda ya koya mini wannan sana'a ya sami wani aiki ya bar mu. Shi ya kawo ni kamfanin, Yaya nake ce masa, kuma ƙanin matar Oga ne. Da aikin ya dawo hannuna sai abin ya riƙa damuna, wani daren Lahadi na canza kalmar sirrin ba tare da na faɗa wa kowa ba. Na gwada, komai na tafiya, na kwanta. Da safe manhajar ta tsaya cak, kuma makon biyan kuɗin makaranta ne. Sai da aka yi awa uku ana fama. Oga ya ce in mayar da tsohuwar, na mayar. Labari ya kai wa Yaya, ya turo mini saƙo: “Ashe ɓarawo ka ɗauke ni.” Tun ranar ba ya amsa gaisuwata.

Na ji cewa Secrets Manager na AWS, wato sashen hidimomin kwamfuta na Amazon, yana canza kalmar sirri da kansa. Amma yanzu tsoron taɓa komai nake yi. In bar abin yadda yake? In kuma ba haka ba, ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da Yaya?

Ƙaninka, daga Kano.

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kada ka bar shi yadda yake. Damuwar da ta hana ka barci damuwa ce ta gaskiya. A cikin rumbun nan akwai sunayen yaran mutane, da lambobin wayar iyayensu, da wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Iyayen nan ba su san ka ba, ba su san Oga ba, makaranta suka ba wa amana, makaranta ta miƙo muku. Kalmar sirrin da ta shekara huɗu tana yawo a WhatsApp ta daina zama sirri tuntuni. Abin da ka yi niyya daidai ne. Inda ka kuskure wuri biyu ne: ka yi shi kai kaɗai a ɓoye, kuma ka fara da matakin da ya kamata ya zo a ƙarshe.

Bari in fara da abin da ya same ka ranar Litinin, domin muddin ba ka gane shi ba tsoron ba zai sake ka ba. PostgreSQL yana tambayar kalmar sirri ne sau ɗaya, lokacin da ake buɗe haɗi da shi. Da zarar an shiga, ba ya sake tambaya, ko da an canza kalmar a bayan mai shigar. Manhajoji kuma ba sa buɗe sabon haɗi don kowace buƙata, sukan buɗe guda goma ko ashirin su ajiye suna ta amfani da su. Don haka a daren Lahadi, ko da akwai wani sashe da bai sami sabuwar kalmar ba, ba za ka gani ba, saboda tsofaffin haɗe-haɗen na nan a buɗe suna aiki. Da gari ya waye mutane suka yi yawa, manhaja ta nemi ƙarin haɗi, ko saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kai, ta sake tashi, sai rumbun ya ce bai san wannan kalmar ba. Ina kyautata zaton akwai aƙalla wuri ɗaya da ke riƙe da tsohuwar kalmar wanda ba ka san da shi ba: mai ɗaukar kwafin ajiya da tsakar dare, mai tura wa iyaye saƙon tes, ko wata saba ta biyu da aka kafa aka manta. Hannunka ba shi da matsala. Ba ka san adadin ƙofofin da wannan mukulli ɗaya ke buɗewa ba ne, kuma a kamfanin da ya shekara huɗu a haka, da wuya a sami mutum ɗaya da ya san su duka.

Kafin mu kai ga Secrets Manager, akwai abin da nake so ka duba yau ɗin nan, ba ya buƙatar izinin kowa kuma duba shi ba ya karya komai. Shiga shafin rumbun a RDS ka ga ko an bar shi a buɗe ga intanet, sannan ka duba dokokin shingensa, ko ƙofa ta 5432, wadda ta nan ake shiga PostgreSQL, tana karɓar haɗi daga ko'ina a duniya. Ƙananan kamfanoni da yawa suna barin ta haka don ma'aikaci ya iya shiga daga gida. Idan haka naku yake, to duk wanda ya taɓa ganin saƙon nan na WhatsApp, ko ya tsinci wayar wanda ya gani, zai iya shiga daga ɗakinsa. Rufe wannan ƙofa, a bar ta ga sabobinku kawai, ya fi canza kalmar sirri gaggawa. Sai dai shi ma ka fara sanin masu shiga kafin ka rufe. PostgreSQL yana da wani tebur mai suna pg_stat_activity da ke nuna duk wanda ke haɗe a yanzu da adireshin da ya fito. Kunna log_connections kuma, saitin da ke rubuta duk haɗin da aka buɗe, ka bar shi mako guda, har da ƙarshen wata in za ka iya jira, domin akwai ayyukan da sai wata-wata suke tashi. Abin da ya fito shi ne jerin masu amfani da mukullin. In ka ga adireshin da ba ku san shi ba, wannan magana ce da za ta kai kunnen Oga a ranar.

To, mene ne shi Secrets Manager ɗin? Amazon ta fito da shi a 2018. Ma'ajiya ce da ake saka kalmar sirri a kulle ta, manhaja kuma maimakon ta riƙe kalmar a cikin fayil, sai ta riƙe sunan akwatin kawai, duk lokacin da take buƙata ta je ta tambaya. Microsoft na da irinsa, Azure Key Vault, Google ma na da Secret Manager, akwai kuma Vault na HashiCorp ga masu son kafa nasu. Tunda kuna kan RDS, na Amazon ɗin shi ya fi muku sauƙi. Kuɗinsa senti 40 ne a wata kan kowane sirri ɗaya, da senti 5 kan kowace tambaya 10,000. Ko akwatuna biyar kuka buɗe, dala 2 ke nan a wata. Na san biyan dala yana da nasa ciwon kai ga kamfani irin naku, amma ai da dalar kuke biyan rumbun kansa, kuma wannan ɗan ƙari ne a kansa.

Yadda yake canza kalmar kuwa ya kamata ka fahimce shi da kyau, domin da shi za ka kwantar wa Oga hankali. Akwai wani ɗan aiki na Lambda, wato ƙaramar manhaja da Amazon ke gudanarwa da kanta, da ke tashi idan lokaci ya yi, yana bin matakai huɗu. Yana ƙirƙirar sabuwar kalma ya ajiye ta da alamar AWSPENDING. Yana zuwa rumbun ya saka ta. Yana gwada shiga da ita. Sai gwajin ya yi nasara sannan yake ɗauke alamar AWSCURRENT daga tsohuwar ya maƙala wa sabuwar, tsohuwar kuma ta koma AWSPREVIOUS. Manhajarka kullum mai alamar AWSCURRENT take karɓa, ba ruwanta da abin da ke ciki. Babu ɗan adam da ya ga kalmar, babu wanda ya kwafe ta, babu abin da za a tura a WhatsApp.

Ga gargaɗin da nake so ka rubuta a takarda ka manna a gaban kwamfutarka. Idan ka kunna juyawar kalmar sirri a Secrets Manager, wato wannan canzawar da yake yi da kansa, bisa tsarinsa na asali nan take yake yin juyin farko, ba ya jiran kwana talatin ɗin da ka zaɓa. Na taɓa ganin wannan da idona a wani wurin da na yi aiki: wani abokin aikinmu ya saka kalmar a ma'ajiyar, ya kunna juyawa a zama ɗaya, alhali manhajar har lokacin daga tsohon fayil take karantawa. Cikin minti kaɗan kalmar da ke fayil ɗin ta zama ta banza, kuma ba wanda ya gane dalili sai bayan an sha wuya. Abin da ya same ka ranar Litinin ne sak, sai dai wannan karon na'ura ce ta yi. Don haka juyawa ita ce ta ƙarshe. Sai kowace manhaja da kowane ɗan aiki na dare sun koma karɓar kalmar daga ma'ajiya, an tabbatar, sannan a kunna.

Akwai kuma abin da na tabbata kuna yi ko da ba ka faɗa ba: kalmar nan guda ɗaya ta babban asusun rumbun ce, wanda zai iya share komai, kuma da ita manhajar ke aiki. Wannan ne ma zai ba ka hanyar fita ba tare da ka sake tayar da ƙura ba. Kada ka taɓa tsohuwar kalmar tukuna. Ka buɗe sababbin asusu a cikin rumbun, ɗaya na manhaja mai izinin karantawa da rubutawa a teburanta kawai, ɗaya na rahotanni mai izinin karantawa kawai, ɗaya na kwafin ajiya. Kowanne da akwatinsa a Secrets Manager. Sai ka riƙa kwashe ayyukan ɗaya bayan ɗaya daga tsohon asusu zuwa sabo, ka fara da wanda in ya faɗi ba wanda zai kira Oga, kamar rahotanni. Duk wanda ka kwashe ka dubi jerin masu shiga ka ga ya ɓace daga tsohon asusun. Ranar da mako ya zagayo ba wanda ya shiga da tsohon asusu, ranar ce canza kalmarsa ba zai karya komai ba, domin ba abin da ke rataye a kansa. A nan RDS yana da wata sauƙaƙawa da aka ƙara a ƙarshen 2022: za ka iya ce masa ya riƙe kalmar babban asusu a Secrets Manager da kansa, shi kuma yana juya ta duk kwana 7 in ba ka canza tsarin ba.

Wajen gyara manhajar, kuskuren da aka fi yi shi ne a karanto kalmar daga ma'ajiya sau ɗaya lokacin da ake ɗora manhaja a saba, a zuba ta cikin saitin sabar, a ce an gama. Wannan zai yi aiki har ranar juyin farko, sannan ya faɗi. Abin da ake so shi ne manhajar ta riƙe kalmar a ƙwaƙwalwarta na ɗan lokaci, Amazon ma tana da kayan aikin da ke yin haka, suna sabuntawa duk awa ɗaya in ba a canza musu ba, kuma idan rumbun ya ƙi kalmar da ke hannunta, ta koma ma'ajiya ta karɓo sabuwa ta sake gwadawa kafin ta ce ta gaza. Layuka kaɗan ne na rubutu, amma su ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Kada kuma ka bari ta riƙa tambayar ma'ajiya a kan kowace buƙatar mai amfani, zai rage mata sauri ya kuma ƙara kuɗi.

Za a tambaye ka zaɓi tsakanin salo biyu. Na farko asusu ɗaya ne, ana canza kalmarsa a wurin. Yana da sauƙi, sai dai akwai 'yan daƙiƙu tsakanin canzawa a rumbu da sauya alama a ma'ajiya da sabon haɗi zai iya faɗuwa, wanda sake gwadawar da na ambata ke magancewa. Na biyu asusu biyu ne masu izini iri ɗaya, ana karɓa-karɓa: wannan karon a canza na farko, karo na gaba a canza tagwayensa, ta yadda kullum kalmar da ta gabata tana nan da rai har juyi na gaba. Ya fi aminci ga manhajar da ba ta jure tsayawa, amma yana da nasa sharuɗɗa. Dole ɗan aikin Lambda ya sami izinin babban asusu don ya ƙirƙiri tagwayen. Idan ka ƙara wa asusu na farko izini daga baya, ba ya tsallakawa zuwa na biyun da kansa. A PostgreSQL kuma duk teburin da wani asusu ya ƙirƙira nasa ne, don haka in ba ka haɗa su ƙarƙashin matsayi ɗaya da zai mallaki teburan ba, wata rana manhaja za ta tashi da asusu na biyu ta tarar an hana ta taɓa teburin da na farko ya yi. A ganina, ku shida da manhajar makaranta, ku fara da asusu ɗaya da sake gwadawa, a saita juyin ya faɗo tsakar dare. Idan kun girma har tsayawar daƙiƙa biyar ta zama asara, sai ku koma na biyun.

Tarko biyu kuma da ke cinye wa mutane yini guda. Idan rumbun yana cikin keɓantaccen layi, wanda ba a iya shiga daga intanet, ɗan aikin Lambda dole ya zauna cikin layin don ya isa gare shi, amma daga can ba ya iya kaiwa ga Secrets Manager sai an buɗe masa hanya ta musamman, wadda ke da kuɗinta na kowace awa, kuma a wata yakan zarce kuɗin akwatunan kansu. Ka saka shi a lissafin da za ka kai wa Oga tun farko, kada ya gan shi a takardar biya. Na biyu, sababbin kalmomin da ake ƙirƙira suna ɗauke da alamomi barkatai, kuma idan manhajarka tana harhaɗa adireshin rumbu da kalmar sirri a layi ɗaya, wata alama kamar # ko % za ta iya tsinka layin. Akwai wurin da ake faɗa masa alamomin da zai guje wa. Duk wannan a kwafin gwaji za ka gano shi, ka juya kalmar sau uku ko huɗu da hannunka kana kallon manhajar tana farfaɗowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wurinku ranar tafiya ita ce makon biyan kuɗi da makon fitar sakamako. Lokacin hutun makarantu shi ne naka.

Abu ɗaya da zai iya mayar da duk wannan wahala aikin banza: mukullin ma'ajiyar kanta. Idan ka cire kalmar sirrin rumbu daga fayil ka saka mabuɗin asusun AWS a gurbinta don manhaja ta iya tambayar ma'ajiya, ba ka yi komai ba, ka ma ƙara ɓarna. Ana rataya wa sabar izini ne kai tsaye ta IAM, tsarin raba izini na AWS, izinin karanta akwatinta ita kaɗai, ba tare da an rubuta wani mabuɗi a ko'ina ba. Haka aka cuci Uber a 2016: ɓarayin sun tarar da mabuɗan AWS a cikin ma'ajiyar GitHub ta kamfanin da ba ma a buɗe take ga jama'a ba, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya ba su dala 100,000 ya ɓoye maganar, da ta fito ya biya dala miliyan 148 a sasantawar 2018. Toyota ma ta sanar a 2022 cewa wani mabuɗin shiga sabar bayananta ya zauna a GitHub a bainar jama'a tun Disamba 2017, kusan shekara biyar, abin da ya shafi abokan ciniki kusan 296,000. Ka lura, goge kalmar daga fayil ba ya goge ta daga tarihin Git, tsarin da ke adana kowane tsohon kwafin fayilolinku, duk wanda ya taɓa sauke kwafin aikinku yana da ita a kwamfutarsa. Maganinta kawai a kashe ta a rumbu. Akwai kayan bincike kyauta irin su gitleaks da za su tono maka sauran sirrikan da ke binne a tarihin, kuma ka shirya ganin fiye da ɗaya.

Kwana nawa za a riƙa juyawa? Za ka ji wasu na cewa masana sun daina ba da shawarar canza kalmar sirri a kai a kai. Gaskiya ne hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta faɗi haka a 2017, amma kan kalmar da ɗan adam ke haddacewa take magana, domin in an matsa masa sai ya ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar. Ita ma ta ce a canza in akwai alamar kalmar ta fita. Kalmar da na'ura ke ƙirƙira na'ura ke karantawa ba ta da wannan matsala. Kwana 30 ya ishe ku. Ni abin da ya fi burge ni da juyawa akai-akai ma shi ne yana tabbatar da cewa hanyar tana aiki, ta yadda ranar da waya ta ɓace ko aka ga baƙon adireshi, danna maɓalli ɗaya ne, ba taron gaggawa ba.

Yanzu maganar mutane, wadda na san ita ta fi ci maka rai.

Oga bai ƙi tsaro ba. Abin da ya gani shi ne awa uku na kiran shugabannin makarantu, kuma ba a shawarce shi ba. Ka same shi ka amsa wannan laifin kai tsaye, ba tare da kwana-kwana ba. Sannan ka kawo masa takarda shafi ɗaya: ga masu shiga rumbun da na gano, ga abin da zan kwashe a mako na farko da na biyu, ga ranar da za a yi babban canji cikin hutu, ga yadda za a koma baya in an sami matsala, ga kuɗin. Ka tuna masa da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. A ƙarƙashinta, in bayanan nan suka fita, wajibi ne ku sanar da makarantun, su kuma idan abin na iya cutar da mutane su sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Tambayar farko da za a yi muku ita ce su wa ke da damar shiga. A yau amsar ita ce ba ku sani ba. Bayan wannan aiki, duk lokacin da aka buɗe akwati CloudTrail, kundin AWS na ayyukan da aka yi, yana rubuta wa ya buɗe da ƙarfe nawa, kuma ana iya duba na kwana 90 baya ba tare da an saita komai ba. Ka roƙe shi abu ɗaya: ya zama doka a rubuce cewa duk wanda ya bar kamfanin, ko wane ne, ana juya sirrika a ranar, kuma ba a ba kowa kalmar manhaja, har da kai, har da shi. Mai buƙatar shiga rumbu a buɗe masa asusu da sunansa.

Shi kuwa Yayanka, ka tsaya ka ga abin ta idonsa. Shekara huɗu ba a taɓa kalmar ba, ɗalibai sun zo sun tafi ba a taɓa ba, sai da shi ya fita, sai yaron da ya koya wa sana'a ya canza ta cikin dare. Kowa ne zai ji zafi. Abin da ba a saba yi ba, ranar da aka yi shi sai ya zama magana a kan mutum ɗaya. Mai gidan haya da ke canza kwaɗo duk lokacin da ɗan haya ya tashi ba wanda ke jin haushinsa, amma wanda bai taɓa canzawa ba sai a kanka, dole ka tambayi dalili. Wannan ne babban amfanin da nake gani a juyawar da na'ura ke yi duk wata a kamfani irin naku, inda ma'aikata 'yan uwa ne da surukai da abokai: ba ta san sunan kowa ba.

Kada ka yi wannan magana ta saƙo. Ka je gidansa da ƙafarka, bayan la'asar ko ranar da ka san yana hutawa, in ka ga da nauyi ka tafi da wani babba da yake jin kunyarsa. Ka ba shi haƙuri kan yadda ka yi, cewa kamata ya yi shi ne mutum na farko da za ka kira. Amma kada ka ce masa canzawar kuskure ce, domin za ka sake yi, kuma ba ka so ya ji ka yaudare shi sau biyu. Ka faɗa masa gaskiyar da wataƙila ɓacin rai ya hana shi gani: muddin tsohuwar kalmar na aiki, in wani abu ya fita gobe ta hannun wani ɗalibi ko wata wayar da aka sace, sunansa ne zai fara zuwa bakin mutane, domin shi ne babban da ya tafi da ita a kai. Ranar da aka kashe ta, ya fita daga zargi har abada. Mutumin da ya ƙware har ya koyar da kai ya san haka, mai yiwuwa ma a sabon wurin aikinsa ba a taɓa nuna masa kalmar rumbu ba.

Sannan ka roƙe shi taimako, kuma roƙon gaske, domin kana buƙatarsa. Shi ya gina tsarin nan. Ya san ɗan aikin da ke tashi ƙarfe biyun dare, ya san sabar da aka kafa wa wata makaranta shekara uku da suka wuce, ya san wurin da ya sa ka faɗi ranar Litinin. Ka tafi da jerin da ka tattara daga rumbun, ka miƙa masa, ka ce: “Yaya, ga waɗanda na gano, me na bari?” In ya karɓi takardar ya fara dubawa, to ka zaro biro. In bai karɓa ba a ranar, ka gaishe shi ka tafi, ka ci gaba da aikinka yadda muka tsara, ka kuma sake komawa bayan mako biyu. Ranar da za a kashe tsohuwar kalmar, ka sa Oga da kansa ya kira shi ya sanar da shi tun kafin a yi.

Allah ya daidaita tsakaninku. Ka rubuto mini bayan juyin farko.